Idan Ƙaho Ya Ƙi Magana

Wata safiya ta hunturu, ana saura kwana biyu a yi faretin makarantu, na tsaya a gefen fili ina kallon 'yan badujalar wata sakandare suna gwaji. Can sai wani yaro ya fito daga layi, riƙe da ƙahonsa kamar wanda ya tsinci mushen kaza, ya nufi mai koya musu.

"Malam, ƙahon nan ya mutu. Na hura, na hura, ko iska ba ta wucewa."

Malamin tsohon soja ne da ya ƙare aiki a badujala. Bai ko miƙa hannu ba tukuna. "Wa ya sa masa mai jiya?"

"Ni ne, Malam."

"Duka ukun ka zare lokaci ɗaya?"

Yaro ya sunkuyar da kai. Tsoho ya karɓa, ya kwance murafu biyu, ya zaro fistan biyu ya kanga su a hasken rana yana duba lambar da ke jikinsu. Ya musanya musu gida, ya murza kowanne a hankali har ya ji ƙas, ya ɗaure, ya miƙa masa. "Busa, ɗana." Ƙaho ya tsage fili da ƙara. Duka-duka aikin bai kai minti ɗaya ba.

Na daɗe ina tuna safiyar nan, domin na san inda ƙahon zai ƙare da tsohon ba ya wurin. Wajen mai gyaran babur za a kai shi, a zura masa waya, a ƙwanƙwasa shi da sukundireba, a dawo da shi da ciwon da bai tafi da shi ba. A iya abin da na gani wajen mabusa, a makarantu da coci-coci da barikoki, ƙahon Turawan nan da ake kira tirampet ba kasafai tsufa ke kashe shi ba. Datti ne ke kwantar da shi, bushewa ta ƙara masa, sannan hannun mai gyara da ƙarfin tsiya ya ƙarasa shi. Garin gyaran gira ake rasa ido.

Tirampet bututun tagulla ne da aka naɗe. Wanda aka fi busawa, wanda mabusa ke kira bi-filat, da za a miƙe shi sak zai kusa mita ɗaya da rabi. A kansa akwai ƙoƙon busa, inda ake ɗora leɓe. Daga nan sai siririn bututun farko, wanda zan kira maƙogwaro, sai babbar gwiwa da ake zarowa ko a tura don saita murya, sai bawul uku, kowanne da fistan a cikinsa da tasa ƙaramar gwiwa, sai mazurarin da sauti ke fita. Sautin ba daga ƙarfen yake farawa ba. Leɓɓan mabushi ne ke karkarwa cikin ƙoƙo, iskar da ke cikin bututu ta amsa. Haka kakakin fada yake, haka begilar soja. Sai dai kakaki da begila tsawonsu ba ya sauyawa, shi ya sa muryoyin da suke iya bayarwa ƙidayayyu ne. Bawul shi ne dabarar da ke ƙara wa bututu tsawo cikin ƙiftawar ido: ka danna, iska ta ratse ta bi wata gwiwa ta dawo, murya ta sauka. Wasu Jamusawa biyu, Heinrich Stölzel da Friedrich Blühmel, su suka yi rajistar dabarar a 1818, sannan François Périnet ya fito da irin fistan ɗin da ake gani a yau, a birnin Paris wajen 1839. Daga nan ƙaho ya sami bakin faɗin duk abin da ya ga dama, har ya kai ga irin su E.T. Mensah a Gana da Victor Olaiya a Legas suka gina kiɗan hailaif a kansa. Daga nan kuma fitina ta shigo. Sarkin kakaki bai taɓa kwana da tunanin man bawul ba.

Tambayar farko idan sauti ya ɓaci ita ce wa ke da laifi, mutum ko ƙarfe? Raba gardamar ba ta da wuya, girman kai ne kawai ke hana a yi ta. Ka miƙa ƙahon ga wanda ya fi ka iyawa ya busa, kai kuma ka busa nasa. In matsalar ta bi ka, to ka bar ƙaho ya huta. In ta tsaya a inda take, sai a bi hanyar iska gaɓa-gaɓa, a fara da abin da ba ya cin ko sisi.

Ƙahon da ya toshe ɗif, irin na yaron can, kusan kullum fistan ne ya shiga gidan da ba nasa ba, ko ya shiga nasa amma ya juya baya. Fistan ukun kama suke yi da juna kamar 'yan uku, amma ramukan da ke jikinsu ba ɗaya ba ne, shi ya sa maƙera ke buga musu lamba 1, 2, 3. Kowanne kuma yana da ɗan haƙori na roba ko ƙarfe da ke faɗawa cikin wata tsaga a jikin gidansa, shi ne ƙas ɗin da tsoho ya saurara. Abin da yawancin masu koyo ba su sani ba shi ne iska bawul na uku take fara shiga, wanda ya fi nesa da baki, sannan na biyu, sannan na ɗaya. Don haka in an rikice, sai a zare duka, a mayar da na uku a hura, in iska ta wuce a mayar da na biyu a sake hurawa, har a gano mai taurin kai. In fistan duk suna daidai amma iska na fita da ƙyar, sai a haska mazurari da tocila. Na ga an zaro murfin biro, na ga ƙwallon dabino, na ga kwalbar man bawul kanta, wadda aka jefa cikin akwati ta gangara ta shige. Ƙahon da ya shekara a rataye a sito kuwa, kada ka yi mamaki in ka tarar zanzaro ya gina ɗaki a cikinsa.

Amma cutar da ta fi kowace yawa ita ce bawul mai maƙalewa, ko mai dawowa a hankali kamar wanda aka tasa daga barci. A nan ya kamata a zauna, don a nan ake yin ɓarnar da ba ta gyaruwa.

Tazarar da ke tsakanin fistan da bangon gidansa ba ta kai kaurin gashin kai ba. Dole ta zama haka, in ba haka ba iska za ta zurare. A cikin wannan 'yar tazara mai ke zama, fistan na shawagi a kansa. Ƙwayar yashi ɗaya, ko zaren ƙyalle ɗaya, ya isa ya tsai da komai. To ka auna wannan da ƙurar hunturu, wadda ke shiga har cikin akwatin da aka rufe. Ƙura in ta haɗu da tsohon mai sai ta zama wani baƙin kwaɓi mai cin ƙarfe a hankali. Kuskuren da kowa ke yi shi ne a ji bawul ya yi nauyi a ƙara masa mai a kan dattin. Zai saki na minti goma, ya koma ya fi da. Abin yi shi ne a zaro fistan ɗaya, ɗaya tak, a goge shi da ƙyalle marar gashi, tsohuwar singileti ta isa. A kwance murfin ƙasa, inda dauɗa ke taruwa, a goge shi. A zura ƙyallen cikin gidan fistan ba tare da wani ƙarfe ya taɓa bangon ba. Sannan a ɗiga mai ɗigo uku ko huɗu a jikin fistan, a mayar. Masu zuba mai ta ramin murfin ƙasa don ƙyuya, rabinsa a wandonsu yake ƙarewa.

Wane mai? A nan ne talauci da rashin sani ke haɗa kai. Man bawul na gaskiya tsinkakke ne kamar kananzir, da yawansa ma daga dangin kananzir aka tace shi. Ba kowane gari ake samunsa ba, don haka na ga an sa man gyaɗa, na ga man inji, na ga basilin. Man girki yana bushewa ya zama danƙo, bayan mako biyu sai ka rantse an zuba wa fistan ƙaro. Man inji da basilin sun yi kauri, bawul zai sauka amma ya dawo yana jan ƙafa. Man keken ɗinki ya fi su dama, amma shi ma ya fi na bawul nauyi. Kananzir na kasuwa kuwa, ka tuna bakinka na kan bututun kana shaƙa. Ƙungiyar da ta iya sayen ƙaho goma ta iya aikawa a sayo mata kwalabe biyar na mai, kuma ba ranar fareti ake neman sa ba, tunda ba a fafe gora ranar tafiya.

In an wanke an sa mai, bawul bai daina kamawa ba, sai a kai fistan gaban haske a duba. Wurin da yake gogar bango zai nuna kansa, wani ɗan layi mai ƙyalli. Wani lokaci yatsa ne: mai koyo ya shimfiɗa yatsunsa yana danna maɓalli daga gefe, fistan ya riƙa sauka a karkace. Gyaran wannan a hannu yake, a lanƙwasa yatsu a danna daga sama sak. Wani lokaci kuma gidan ne ya lotsa. Bawul na biyu ya fi faɗa wa wannan, saboda 'yar gwiwarsa ta turo waje ta hannun dama. Aka ajiye ƙaho a benci ta wannan gefe, ko aka cusa littattafai cikin akwati aka danne murfi, sai gwiwar ta tura bangon gidan ciki da abin da ido ba zai gani ba, amma fistan ya ji. Wannan aikin mai gyara ne, mai sandar ƙarfe daidai awon gidan.

Abin da nake roƙo da babbar murya shi ne a nisanta samfefa daga fistan. Mai hankalin kanikanci zai ce abu ya matse, a rage masa kauri. Jikin fistan ko dai monel ne, wato gamin nikel da jan ƙarfe, ko baƙin ƙarfe marar tsatsa, ko kuma tagulla da aka yi wa rufin nikel siriri. Abin da samfefa ta cinye ba ya dawowa. Bawul zai yi laushi, mai ƙaho ya yi murna, sannan ya tarar sautin ya zama fanko, muryoyin sama sun ƙi tsayawa, numfashi na ƙarewa tun ba a je ko'ina ba. Akwai gwajin da ke tona asirin irin wannan bawul. Ka zaro gwiwarsa kaɗan ba tare da ka danna ba, ka ɗan jira, sannan ka danna. Bawul mai lafiya zai ce ɓam, don ya riƙe iskar. Wanda ya cinye shiru za ka ji, ko wani ɗan huci.

Ƙaramin abu kuma da ake rainawa: zobban ulu da ke ƙarƙashin maɓalli da cikin murfin sama. Mutane na ɗauka don kashe ƙara kawai aka sa su. Su ne ke tsai da fistan daidai inda ramukansa za su yi ido biyu da na bututu. In sun lotse, ko wani ya zubar da ɗaya wajen wanki, bawul zai riƙa ƙwas-ƙwas, ƙofar iska kuma ta zama a rabin buɗe, ƙaho ya yi kamar mai mura. Kuɗinsu bai taka kara ya karya ba, sai dai kaurinsu ya zama daidai da na asali.

Yanzu ga laifina. Ina saurayi na ari ƙaho, na sa ƙoƙon busa na buga shi da tafin hannu, don yana ba da wani ɗan sauti mai daɗi da yara ke so. Gindin ƙoƙon a tsuke yake, yana ƙara kauri zuwa sama, murzawa kaɗan ta ishe shi zama. Bugun nan ya tura shi ya kafe. Da na ga dare na yi, ga mai ƙaho zai zo da safe, sai na ɗauko filaya. Na matse ƙahon tsakanin gwiwoyina, na kama ƙoƙo, na murɗa. Na ji abu ya saki, har na yi ajiyar zuciya. Ashe ba ƙoƙon ba ne, 'yan sandunan da suka riƙe maƙogwaro ne suka ɓalle daga dalmarsu, maƙogwaron kansa ya murɗe kamar igiya. Ƙoƙo na nan daram, ga sawun haƙoran filaya a jikinsa. Da safe mai ƙaho ya juya shi, ya sake juyawa, ya ce, "Ƙanena, da ka bar shi haka ai da shi zan busa." Gaskiyarsa. Ƙoƙon da ya kafe ba ya hana busa, akwati kawai yake hana rufewa. Akwai 'yar na'ura ta musamman, faranti biyu da kusoshi biyu masu murɗawa, da ke tura shi waje sak cikin minti biyu ba tare da ta ja jikin ƙaho ba. Kowace ƙungiyar badujala ya kamata ta mallaki ɗaya. In babu, a iya ɗora ƙanƙara a kan ƙoƙon, a ɗumama mazauninsa da ruwan ɗumi, a ɗan ƙwanƙwasa gefen mazaunin da ƙotar itace, a gwada da hannu. Ya ƙi, a haƙura.

Ba ni kaɗai na taɓa wannan aika-aika ba, in hakan zai rage mini kunya. Cikin kayan da aka tono a kabarin Fir'auna Tutankhamun, wanda Howard Carter ya gano a 1922, akwai ƙaho biyu, ɗaya na azurfa. A 1939 aka shirya busa su a gidan rediyon BBC daga Alƙahira. Wajen gwaji aka cusa wa na azurfar ƙoƙon zamani, ya tsage. Abin da ya kwana sama da shekara 3,000 lafiya, hannun mabushi ya illata shi a yini ɗaya. Sai da aka gyara shi kafin wani sojan badujala, James Tappern, ya busa shi duniya ta ji a watan Afrilu na shekarar.

Gwiwar da ta kafe 'yar uwar ƙoƙon da ya kafe ce. Rashin motsi da rashin giris ke kawo ta. A ɗiga man sassauta tsatsa a bakin mahaɗa, a bar shi ya kwana, a gwada da yatsu, gobe a sake. Masu zura tsumma a gwiwa su fizga, sukan fizgo ta da rabin ƙaho. Motsa kowace gwiwa sau ɗaya a mako, tare da danna bawul ɗinta, ya raba ka da wannan duka.

Sai ruwa. Ƙaho ya fara ƙurƙur kamar mai kurkure baki, yara su ce yawu ya cika shi. Akasarinsa ba yawu ba ne, tururin numfashi ne da ya tarar da ƙarfe mai sanyi ya zama raɓa, shi ya sa ya fi yawa da sanyin safiya. A buɗe mazubar ruwa a hura a hankali, ba da ƙarfi ba. In ƙurƙur ɗin sai an danna wani bawul ake jin sa, ruwan na cikin gwiwar wannan bawul ne, a zare ta a zubar. Mazubar nan kuma ita ce ɓarauniyar iska ta farko. Ɗan toshen da ke bakinta yakan tsufa ya tsage, ko sifirin ɗinta ya saki, sauti ya riƙa fita da huci. Danne ta da yatsa ka busa, in sauti ya cika ka kama ɓarawo. A ranar uzuri guntun tsohon silifas da robar ɗaure kuɗi sun fitar da mutane da yawa kunya. In ba nan ba ne, sai a yi irin ta mai faci: a toshe mazurari da tsumma mai jiƙe, a danne bawul duka, a shafa ruwan sabulu a mahaɗai, a hura, a ga inda kumfa zai tashi.

Wani yoyon ba daga mahaɗa yake ba, daga jikin ƙarfen ne. Tagullar da aka fi ƙera ƙaho da ita kashi 70 cikin ɗari jan ƙarfe ce, kashi 30 tutiya. Danshi da tsamin abin da ke fitowa daga baki suna cinye tutiyar daga ciki, su bar jan ƙarfe mai rauni kamar soso. Alamarsa 'yan ɗige-ɗige ja-ja a jikin maƙogwaro ko babbar gwiwa, kuma kafin ka gan su a waje sun daɗe suna aiki a ciki. Ba ya warkewa, sai faci ko sauya bututun. Wanda ya tauna goro, ko ya sha lemo ko shayi mai sukari, ya ɗauki ƙaho bai kurkure baki ba, shi ke ciyar da wannan cuta. Na taɓa ganin an zura buroshi mai dogon wutsiya cikin maƙogwaron wani ƙahon makaranta, abin da ya fito ba zan kwatanta shi ba don mai karatu wataƙila yana cin abinci. Ramin da ya kamata ya ɗauki fensir ya koma da ƙyar tsinken tsintsiya zai wuce, ana ta zargin yaron da ke busa shi da rashin ƙarfin ƙirji.

Wanka sau ɗaya a wata ya wadatar wa ƙahon da ake busawa kullum. A warware shi, a ware fistan gefe don kada zobban ulu su jiƙe, a jiƙa sauran a ruwa mai ɗumi-ɗumi da ɗan sabulun wanke kwanuka. Tafasasshen ruwa yana saɓule banish ɗin da ke sa shi sheƙi. Maganar ta wuce sauti ma. A 2010 mujallar likitocin ƙirji mai suna Chest ta buga labarin wani mabushin turambon, yayan tirampet mai dogon hannu, da ya yi kimanin shekara 15 yana tari, aka gano fumfuna da ƙwayoyin cuta ne a cikin ƙahonsa. Da ya fara tsabtace shi sai tarin ya lafa. A makarantar da yara uku ke karɓa-karɓa da ƙaho ɗaya, ko ba komai a wanke ƙoƙon tsakaninsu.

Akwai kuma abin da ake kira lalacewa alhali ɗabi'a ce. Ƙahon da aka saita da asubar Janairu a Kano, sanyi na ƙasa da digiri 15, ba zai yi daidai da kansa ba da azahar ɗin Afrilu, zafi na haura 40. Sauti ya fi gudu a iska mai zafi, don haka murya kan hau da zafi, ta sauka da sanyi. Babbar gwiwa don wannan aka yi ta: murya ta hau a zaro, ta sauka a tura. Kuma a ɗumama ƙaho da busa kafin a saita, ba a saita shi yana sanyi ba.

Wadda ta fi ban sha'awa ita ce ta muryoyi biyu na ƙasa, wadda ake dannawa da bawul na ɗaya da na uku, da wadda ake danne duka ukun. A kowane tirampet, komai tsadarsa, waɗannan biyun sukan hau sama da inda ya kamata. Lissafi ne. Bawul na biyu na ƙara wa bututu kusan kashi 6 cikin ɗari na tsawonsa, na ɗaya kusan 12, na uku kusan 19, kowanne an auna shi ne da tsawon ƙaho shi kaɗai. In ka haɗa na ɗaya da na uku ka sami 31, alhali muryar da ake nema na bukatar 33 da rabi. In ka haɗa duka ka sami 37, ana neman 41. Bututun ya gaza, murya ta hau. Shi ya sa aka sa zobe a gwiwar bawul na uku, mabushi ya tura ta waje da yatsan hagu a kan waɗannan muryoyi ya dawo da ita. Je ka duba ƙahonin makarantu, za ka tarar gwiwar ta kafe shekara da shekaru, wasu ma ba su san tana motsi ba. Ita ba giris mai kauri take so ba, mai laushi take so, don ta riƙa sulɓi da yatsa ɗaya.

Ƙarar zzz da ke bin wata murya guda, yawanci murfi ne ya saki ko wata 'yar kusa, a bi su ɗaya-ɗaya a ɗaure. Lotsawa kuwa wurinta ake dubawa, ba girmanta ba. Ƙaramar lotsawa a maƙogwaro ta fi babba a mazurari illa, don a can hanya ta fi ƙunci. A Janairun 1953, wajen bikin zagayowar ranar haihuwar matar mabushi Dizzy Gillespie a Niyok, wasu 'yan rawa suka faɗa kan ƙahonsa, mazurarin ya lanƙwashe ya kalli sama. Ya ɗauka ya busa haka nan, sautin ya yi masa, har daga baya ya sa kamfanin Martin ya ƙera masa mai lanƙwasa da gangan, ya zama tambarinsa har ya bar duniya.

In an bi ƙarfe kaf ba a sami komai ba, sai a dawo kan nama. Mai koyo da ya kasa kai wa muryar sama, abin da jikinsa ke gaya masa shi ne ya ƙara danna ƙoƙo a kan leɓe. Filaya ce wannan ma, sai dai a baki. Dannawa na tsai da jini, leɓe ya kumbura, ya daina karkarwa, sauti ya shaƙe, shi kuma ya ƙara dannawa. Manya ma ba su tsira ba. Louis Armstrong ya sha fama da fashewar leɓe, har a tsakiyar shekarun 1930 ya ajiye ƙaho na watanni. Freddie Hubbard ya fasa leɓensa na sama a 1992, ya ci gaba da busa a kan ciwon har ya ruɓa, bai ƙara komawa yadda yake ba. Muryar sama da saurin iska ake kama ta, da tsukewar gefen baki, kuma wata da watanni take ɗauka. Leɓe ya gaji a sauke ƙaho, hutu ya kai tsawon busa. Da hunturu, lokacin da leɓe ke tsagewa ko ba a busa komai ba, a sha ruwa, a shafa man kaɗanya da dare, a goge shi kafin a ɗauki ƙaho.

Wasu in sun gaji sai su ɗora wa ƙoƙo laifi, su shiga sauye-sauye. Lambobin da ake gani a jikinsa, irin 7C da ke zuwa da yawancin ƙahonin koyo, tsarin Vincent Bach ne, mabushi ɗan Ostiriya da ya fara ƙera ƙoƙuna a Niyok a 1918. A tsarinsa lamba na ƙaruwa faɗin ƙoƙo na raguwa. Sabon ƙoƙo kan yi daɗi mako ɗaya, sannan tsohuwar matsala ta biyo sawu. Wanda ya cancanci a jefar shi ne wanda rufin azurfarsa ya goge har tagulla ta fito a inda leɓe ke zama, ko wanda gindinsa ya lotse don faɗuwa.

Inda hannun gida ya tsaya, ba mai walda ne magaji ba. Yawancin mahaɗan ƙaho da dalma mai narkewa a ƙaramar wuta aka liƙa su, wutar walda kuwa za ta ƙone banish, ta narkar da mahaɗan da ke kusa, ta iya huda bututun. In babu mai gyaran kayan busa a gari, a tambayi 'yan badujalar soja ko na 'yan sanda wa ke yi musu, don ba sa rasa wani tsoho mai akwatin kayan aiki. In kuma ƙahon gwanjo za ka saya, kada sheƙi ya ɗauke maka ido. Zare fistan ukun ka duba ko lambobinsu sun cika, ko jikinsu ya sha samfefa. Ja kowace gwiwa ka ga ko tana motsi, ka saurari ɓam ɗin nan a kowane bawul. Zare babbar gwiwa, ka ɗaga maƙogwaro saitin rana ka leƙa ciki, sannan ka juya shi ka nemi jajayen ɗige-ɗige a bayansa. In mai kaya ya ce ba a buɗewa sai an biya, ajiye masa abinsa.